Wa Ke Da Titi? Tarihin Tsallaka Hanya a Alexandria

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa sauka daga bas a kan Richmond Highway da daddare, ya hangi gidan da yake haya a ɗaya gefen titin, ya san irin tsayuwar da ake yi a bakin kwalta. Danja mafi kusa tana can nesa, sai an taka sosai kafin a kai gare ta, sannan a sake takowa baya. Ga sanyi, ga gajiyar aiki, ga lacca da sassafe. Sai mutum ya tsaya yana duban dama da hagu, yana tambayar kansa: waccan fitilar da ke tahowa, zan riga ta ko za ta riga ni?

Wani ɗan uwanmu da bai fi wata biyu da zuwa daga Kano ba ya ba ni labarin yadda tasa tsayuwar ta ƙare. Ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba, ya shiga titi. Motar farko ta taka burki ta tsaya. Ta biyu da ke layin kusa da ita ba ta gan shi ba, ta wuce ta gabansa da gudun da sai da iskarta ta kaɗa masa riga. Ya ce da ni, "Malam, a Titin Zariya da zarar na ɗaga hannu an gama magana." Allah ya kiyaye, amma tun ranar nake neman sanin yadda aka yi lissafin rai da mutuwa ya koma kan mai tafiya a ƙasa shi kaɗai. Abin da na tarar shi ne, wannan lissafi bai wuce shekara ɗari da 'yan kai da aka ɗora mana shi ba, kuma tarihinsa a rubuce yake a titunan garin nan da muke zaune.

Lokacin da titi yake na kowa

An kafa Alexandria ta jihar Virginia a shekarar 1749, a bakin kogin Potomac, tun kafin a gina birnin Washington. Waɗanda suka yanka garin sun shimfiɗa titunansa a miƙe, suna gitta juna kusa da kusa, kamar yadda har yau ake gani a unguwar Old Town. An yi su ne daidai da ƙafar mutum da kofaton doki. Manoma suna shigowa kasuwar Market Square da amalanke, ana gangara da taba da alkama zuwa bakin ruwa ta King Street, yara suna wasa a tsakiyar hanya, masu talla suna tsayawa inda suka ga dama. A ƙasan Prince Street har yanzu akwai wani yanki da aka bar shi da daɓen duwatsunsa na da, wanda ko mota ta hau shi dole ta rage gudu.

A irin wannan titi babu wata dabara ta musamman da ake kira tsallakawa. Mutum yana ratsa hanya ne kamar yadda ake ratsa kasuwar Kurmi, ka kauce wa wannan, wancan ya kauce maka. Keken doki ba ya gudun da ido zai kasa kimanta shi, kuma dokin kansa yana da ido, ba ya son taka mutum. A al'ada da kuma a gaban alƙali, wanda yake tafe da abu mai nauyi da haɗari shi ake sa ran zai kula. Ko da aka fara taragon lantarki a 1892, wanda ya riƙa kai mutane Mount Vernon, daga baya kuma har Washington, abin bai sauya sosai ba, domin tarago a kan dogonsa yake tafiya, kowa ya san ta inda zai bi.

Zuwan mota da rigimar da ta biyo baya

A watan Satumba na 1899 wata motar haya ta buge Henry Bliss a New York yana saukowa daga tarago, shi ne mutum na farko da aka rubuta mota ta kashe a Amurka. Kafin shekara 25 abin ya zama annoba. A cikin shekarun 1920 kaɗai, mutane sama da 200,000 ne suka mutu a haɗarin mota a ƙasar, kuma a birane mafi yawansu masu tafiya a ƙasa ne, da yawa daga ciki yara ƙanana. Jama'ar wancan lokaci ba su yi wata tantama ba game da mai laifi. Jaridu suna zana mota da fuskar ajali, iyaye mata suna fitowa jerin gwano. A Baltimore, wadda ba ta da nisa da mu, an kafa hasumiyar tunawa a 1922 domin yara 130 da suka mutu sakamakon haɗari a birnin a shekarar da ta gabata.

Abin ya kai maƙura a 1923 a birnin Cincinnati, inda mutane 42,000 suka sa hannu a takardar neman a tilasta wa kowace mota na'urar da za ta hana ta wuce gudun mil 25 a awa. Dillalan motoci suka ga idan wannan ta tabbata kasuwarsu ta mutu, domin gudu shi ne abin da suke sayarwa. Suka zuba kuɗi, suka yi kamfe, aka kayar da ƙudirin a akwatin zaɓe. Daga nan ne masu kamfanonin mota da ƙungiyoyin direbobi suka gane cewa kare kai kawai ba zai fisshe su ba, sai sun sauya tunanin jama'a game da wanda yake da titi. Masanin tarihi Peter Norton na Jami'ar Virginia ya bi diddigin wannan yaƙi a littafinsa Fighting Traffic na 2008.

Babban makaminsu kalma ce guda, wato "jaywalker". A Turancin Amurka na lokacin, "jay" yana nufin bagidaje, ɗan ƙauyen da ya shigo birni yana kalle-kalle. Aka laƙaba wa duk wanda ya ratsa titi ta inda ya ga dama wannan suna. Aka riƙa sa yara 'yan sikawut suna miƙa wa masu tsallakawa katin gargaɗi, aka riƙa yi wa wasu shigar ƙauyawa ana yawo da su a bukukuwa domin mutane su yi dariya. Sun fahimci abin da mu ma muka sani a gida, cewa mutum ya fi tsoron a kira shi baƙauye a kan a ci shi tara. Doka ta biyo baya. A 1925 birnin Los Angeles ya kafa dokar da ta taƙaita inda mai ƙafa zai tsallaka, sannan a 1928 wani taron ƙasa da Herbert Hoover ya jagoranta yana sakataren kasuwanci ya fitar da samfurin dokar zirga-zirga, wanda birane da yawa suka kwafa. Ita kuwa danjar lantarki, wadda aka kafa irinta a Cleveland tun 1914, ta raba lokaci tsakanin mota da mutum, amma a mararrabar da aka kafa ta kawai. Duk sauran tsawon titin ya zama na mota, wanda kuma ya shiga, ya shiga da lissafinsa.

Yadda aka gina Richmond Highway

A Alexandria ana iya sa wa wannan sauyi shekara. A 1932 taragon lantarki ya daina aiki, a shekarar ce kuma aka buɗe babbar hanyar mota ta zuwa Mount Vernon, wadda ta ratsa tsakiyar gari ta Washington Street. Shekara shida kafin nan, a 1926, an ba tsohuwar hanyar Richmond lamba 1 a tsarin manyan hanyoyin ƙasa, ta zama wani yanki na hanyar da ta taso daga Maine har Florida. An gina ta ne domin matafiyi mai dogon zango, gefenta kuwa gonaki ne da gidajen mai da ƙananan masaukan baƙi. Amma tun kafin zuwan mota akwai mutane a bakinta. Unguwar Gum Springs, alal misali, West Ford ne ya kafa ta a 1833, wani bawa na dangin George Washington da aka 'yanta, kuma ita ce unguwar baƙaƙen fata mafi daɗewa a gundumar Fairfax.

Da aka kammala Shirley Highway a 1952, masu dogon zango suka koma can. Richmond Highway ta cika da kantuna da gidajen haya masu sauƙin kuɗi, musamman ɓangarenta na kudu da ke cikin gundumar Fairfax, ko da yake adireshinsa Alexandria ne: Huntington, Groveton, Hybla Valley. Waɗanda suka tare a nan su ne ma'aikata masu ƙaramin albashi da baƙi daga Amurka ta Tsakiya da Afirka da Asiya, har da ɗalibai irinmu, wato mutanen da da yawansu ba su da mota. Sai aka wayi gari titi yana da faɗi da gudun babbar hanya, alhali rayuwar da ke gefensa ta unguwa ce. Gida yana wannan gefe, kanti da tashar bas suna wancan. Wanda ya zana hanyar bai sa mai ƙafa a lissafinsa ba, shi kuma mai ƙafa ba shi da yadda zai yi sai ya tsallaka.

Abin da ido yake lissafawa

Bari mu duba lissafin da ake nema daga mutumin da ke tsaye a bakin irin wannan titi. Tun daga 2009, littafin ƙa'idojin alamomin hanya na Amurka yana ɗaukar cewa mai tafiya yana cin ƙafa 3.5 a sakan ɗaya, wato mita ɗaya da ɗan ɗori. Faɗin layin mota ɗaya a babbar hanya yakan kai ƙafa 12. Ke nan titi mai layi huɗu yana buƙatar kusan sakan 14. Motar da ke gudun mil 45 a awa, wato kilomita 72, tana cin mita 20 a kowane sakan. A cikin sakan 14 za ta ci mita 280, kusan tsawon filin ƙwallo uku. Saboda haka kafin mutum ya sa ƙafa, dole ya tabbatar babu mota a wannan tazara, ta dama da ta hagu a lokaci guda. A Old Town kuwa, inda titi yake da layi biyu kuma gudu bai wuce mil 25 ba, abin da ake buƙata bai kai mita 80 ba.

Matsalar ita ce idon ɗan Adam ya fi iya kimanta nisa a kan gudu. Abin da ke tahowa kai tsaye daga nesa ba ya girma a ido sai ya matso, don haka mota mai gudu da mai tafiya a hankali kusan iri ɗaya suke a tazarar mita 200. Mutane sukan yanke shawara ne da nisan da suka gani, shi ya sa idan gudun motoci ya ƙaru, ratar da suke amincewa da ita takan ragu ba tare da sun sani ba. Da daddare abin ya fi muni, domin fitilu biyu kawai ake gani. Ga kuma wani ruɗi: tunda kai kana ganin fitilar mota tar, sai ka ɗauka direban ma yana ganinka, alhali mai baƙar rigar sanyi ba ya bayyana sai an zo dab da shi. Kusan kashi uku cikin huɗu na masu tafiya a ƙasa da ake kashewa a Amurka cikin duhu ake buge su.

Akwai kuma abubuwan da ba na ido ba. Wanda ya daɗe yana jira, ko ya hangi bas ɗinsa ta tsaya a wancan gefe, yakan karɓi ratar da ya ƙi minti ɗaya da ya wuce. Sannan mutum mai bin mutum ne. A wani gwaji da aka wallafa a 1955, wanda aka yi a Austin ta jihar Texas, an sa mutum ɗaya ya riƙa tsallakawa danja ba ta ba shi hannu ba. Idan ya sa kwat da laktaye mutane da yawa sukan bi bayansa, idan ya sa tufafin leburori kaɗan ne suke bi. Shi na gaba ya auna ratar daidai da kansa, na bayansa kuwa ya shiga bayan an cinye sakan biyu ko uku daga ciki. Yara su ma abin lura ne: binciken Jami'ar Iowa na 2017 ya nuna cewa sai wajen shekara 14 yaro yake iya haɗa zaɓen rata da saurin shiga cikinta kamar babba. Kuskuren kuma farashinsa yana bin gudu. Ƙididdigar gidauniyar AAA ta 2011 ta nuna cewa idan mota ta bugi mutum tana gudun mil 23, haɗarin mutuwa kashi 10 ne cikin 100, idan kuwa mil 42 ne, ya kai kashi 50.

Lissafin Kano da na Virginia

To me ya sa dabarar ɗan uwanmu ta yi masa aiki shekara da shekaru a gida, ta kusa kashe shi a nan? A Bata ko bakin Kantin Kwari, tsallaka titi ciniki ne. Cunkoso ya rage gudun kowa, direba da ɗan A Daidaita Sahu suna sa ran mutum zai faɗo musu a kowane lokaci, ƙafarsu tana kusa da burki. Kai kuma kana kallon idon direba, ka ɗaga hannu, ka ci layi ɗaya ka tsaya, ka sake cin wani. Sau da yawa ma a taru ne a shiga tare, yawa ya tilasta wa mota tsayawa. Ba wai hanyar ba ta da haɗari ba ne, kowa ya san wanda aka rasa a Titin Katsina ko Titin Zariya, musamman inda hanya ta buɗe motoci suka saki gudu. Amma a cikin cunkoso, ɓangarori biyu ne suke lissafin.

A Richmond Highway direba ya taso ne a ƙarƙashin tarbiyyar shekarun 1920: idan babu danja, hanya tasa ce, ba ya tsammanin ganin mutum. Gilashinsa a rufe yake, yana nesa, babu idon da za ka kalla. Idan ma na farko ya yi maka kara ya tsaya, jikin motarsa ya kare ka daga na layi na biyu. Ko zanen tsallakawa ba ya wadatarwa shi kaɗai. Wani bincike da hukumar manyan hanyoyin tarayya ta ɗauki nauyi a farkon shekarun 2000, wanda ya kwatanta wuraren tsallakawa 1,000 masu zane da 1,000 marasa zane a birane 30, ya gano cewa a tituna masu layi da yawa da ke ɗaukar motoci sama da 12,000 a rana, zane kawai ba tare da wani ƙari ba yana tafe da ƙarin haɗari. Abin da ya rage haɗarin shi ne dandamalin tsayawa a tsakiyar titi, domin yana raba lissafin gida biyu: sakan bakwai, gefe ɗaya, sannan a huta a sake wani.

Iyayenmu sun san cewa wannan ilimi koyonsa ake yi. Ranar 2 ga Afrilu 1972, da Nijeriya ta yi canjin hannu daga hagu zuwa dama, manya da yara sai da suka sake koyon gefen da za su fara duba. Wanda ya sauka a filin jirgin Dulles shi ma canjin hannu ne ya same shi, sai dai babu wanda ya yi masa shela a rediyo.

Kiɗa ya fara sauyawa

A 2009 masu tafiya a ƙasa kimanin 4,100 aka kashe a titunan Amurka. A 2022 adadin ya haura 7,500, mafi yawa cikin shekara 40. Wannan ya sa hukumomi da dama suka fara komawa kan tambayar da mutanen Cincinnati suka yi a 1923. A 2017 majalisar birnin Alexandria ta rungumi tsarin Vision Zero, wanda ya samo asali daga Sweden a 1997, da burin kawo ƙarshen mutuwa da munanan raunuka a titunanta kafin 2028. Tushen tsarin shi ne, ɗan Adam ajizi ne, dole zai yi kuskure, don haka a gina titin da kuskure ba zai zama ajali ba.

Abin bai zo da sauƙi ba. A watan Satumba na 2019, bayan doguwar muhawara mai zafi, majalisar ta amince da ƙuri'a 4 da 3 a rage wani yanki na Seminary Road daga layi huɗu zuwa biyu, da layin juyawa a tsakiya da wuraren tsayawar masu tsallakawa. A 2020 aka hana motoci shiga wani yanki na ƙasan King Street saboda annobar korona, a 2021 aka mayar da hanin na dindindin, titin ya koma hannun masu ƙafa kamar yadda yake a farkonsa. Birnin ya bayyana cewa a shekarar 2023 ba a rasa rai ko ɗaya a haɗarin titunansa ba.

Jihar Virginia ita ma ta taɓa dokokinta. Daga Yuli 2020 aka wajabta wa direba ya tsaya cak ga wanda ke cikin wurin tsallakawa, aka kuma haramta wuce motar da ta tsaya domin mai ƙafa. Daga 1 ga Maris 2021 aka hana 'yan sanda tsayar da mutum don kawai ya tsallaka ba a wurin da aka tanada ba, saboda koke-koken cewa baƙaƙen fata aka fi tarewa da wannan hujja, ko da yake ba a goge laifin daga littafin doka ba. A kan Richmond Highway kanta, mutanen Gum Springs sun fito zanga-zanga a 2021 kan shirin ƙara faɗaɗa hanyar a bakin unguwarsu, sannan a watan Mayu na 2023 aka rage gudun da aka yarda da shi a wani dogon yanki nata daga mil 45 zuwa 35.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa wanda ya tsallaka inda babu danja ba lalle ne bagidaje ba, sau da yawa mutum ne da aka gina masa gida a gefe ɗaya, aka ajiye masa bas a ɗaya gefen. Sanin haka yana da amfani, domin birni da gunduma sukan kira taron jin ra'ayin jama'a kafin su gyara titi, kuma ba a tambayar fasfo a bakin ƙofa. Mu da muka fi kowa taka waɗannan hanyoyi da ƙafa, mu ne muka san inda ake buƙatar fitila da dandamali, ya kamata a ji daga bakinmu.

Amma kafin a gyara titi, da wanda yake akwai za mu zauna. Doka tana iya ba ka gaskiya, ba ta iya tsayar da motar da direbanta bai gan ka ba. Don haka ina roƙon 'yan uwa da suka daɗe a nan, idan kun je tarbo sabon zuwa, bayan kun nuna masa banki da kantin halal, ku kai shi bakin titi ku nuna masa yadda motoci suke gudu. Ku gaya masa ya ajiye ɗaga hannu a gida, kada ya bi bayan kowa sai ya duba da idonsa, idan mota ɗaya ta tsaya masa ya leƙa layi na biyu kafin ya ƙara taku, ya kuma sa abu mai haske da daddare. Idan akwai danja, ko da nisa, ya taka ya je gare ta. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Bahaushe, kuma waɗanda suka raka mu filin jirgi suna jiran mu koma musu da digiri, a kan ƙafafunmu.